Marigayi John Wooden: Malamin Ƙwallon Kwando Da Ya Yi Fama Da Rabon Minti 80

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya taɓa riƙe wani muƙami, ko shugaban ofis ne, ko hedimasta, ko kyaftin na ƙungiyar wasa a makaranta, ya san babu aikin da ya kai rabo wuya. Abin da za a raba kaɗan ne, masu jira suna da yawa, kowannensu kuma yana ganin ya cancanta. Tarihin da muka kawo wa masu karatu yau na wani mutumin ƙasar Amurka ne da ya shekara 40 yana irin wannan rabo, watau marigayi John Wooden, wanda ya horar da 'yan wasan ƙwallon kwando na Jami'ar Kalifoniya da ke birnin Los Anjalis, wadda aka fi sani da UCLA. Ya ci kofin jami'o'in Amurka sau 10 cikin shekara 12, abin da babu mai horar da ƙungiyar maza da ya yi kafinsa ko bayansa. Amma a bayan kofunan nan akwai wata matsala da ta bi shi tun daga farkon aikinsa har ƙarshe, ita ce ta wa zai shiga fili, wa zai zauna a benci.

Yadda Lissafin Yake

Kafin mu shiga tarihin, ya kamata mu bayyana yadda lissafin yake ga waɗanda ba su saba da wasan ba. A jami'o'in Amurka ana yin wasan ƙwallon kwando na maza cikin minti 40, a kashi biyu, kowane kashi minti 20. Kowace ƙungiya tana sa mutum biyar a fili. A zamanin da muke magana a kai ana kasa su uku: 'yan baya biyu, 'yan gaba biyu, da ɗan tsakiya ɗaya, wanda galibi shi ne ya fi kowa tsawo. 'Yan baya su ne ke ɗauko ƙwallo daga gidansu su kai ta gidan abokan gaba, su ne ke tsara hari, su raba ƙwallo, su jefa daga nesa, kuma su ne ke fara tare abokan gaba in an juyo. Galibi su ne gajerun ƙungiya, amma su ne ƙwaƙwalwarta.

To, gurbi biyu sau minti 40 ya ba da minti 80 ke nan. Ƙungiya kuwa takan tara 'yan baya huɗu ko biyar, kowanne ya zo daga makarantar sakandare inda shi ne zakaran gwajin dafi. Daɗin daɗawa, a wannan wasa wanda aka fitar yana iya komawa fili, saboda haka mai horarwa ba ya yanke hukunci sau ɗaya ya huta. Kowane minti sabon hukunci ne. Wannan minti 80 shi ne abin da Mista Wooden ya yi ta rabawa.

Asalinsa Da Darasin Farko

An haifi John Robert Wooden ranar 14 ga watan Oktoba na shekarar 1910 a wani ƙauye da ake kira Hall a jihar Indiyana. Sunan mahaifinsa Joshua, mahaifiyarsa kuma Roxie. A shekarar 1918 suka koma wata gona a Centerton, inda babu lantarki, babu ruwan famfo. Mahaifin manomi ne mai son karatu, wanda yakan karanta wa 'ya'yansa littattafai da dare a hasken fitila, ya kuma hore su da kada su yi ƙarya, kada su yi zamba, kada su yi ƙorafi ko neman uzuri in abu ya ɓaci.

A makarantar firamare ta Centerton ne yaron ya fara ɗanɗana zaman benci. Hedimastan makarantar, Earl Warriner, shi ne kuma mai koyar da wasa. Wata rana ana shirin karawa da wata makaranta, John ya manto rigar wasansa a gida. Da yake ya san shi ne gwanin ƙungiyar, sai ya ƙi komawa ya ɗauko, yana tsammanin za a aiki wani ya ɗauko masa ko a ba shi ta wani. Hedimasta bai yi jayayya da shi ba, sai kawai ya sa wani yaro a gurbinsa. Ko da John ya ruga gida ya ɗauko rigar ya dawo da gudu, bai sa shi ba, yana zaune yana kallo har aka cinye su. Mista Wooden ya sha ba da wannan labari har tsufansa, domin a ranar ce ya gane abu biyu: babu ɗan wasan da ya fi ƙungiya, kuma babu malamin da ɗan wasa ke jin maganarsa kamar benci.

Bayan gonar ta kuɓuce wa mahaifinsa, iyalin suka koma garin Martinsville. A makarantar sakandare ta garin ya kai ƙungiyarsu wasan ƙarshe na gasar jihar sau uku a jere, a 1926 da 1927 da 1928, suka ci kofin a 1927. A nan ne kuma ya haɗu da Nellie Riley, wadda ya aura a shekarar 1932.

Daga nan ya shiga Jami'ar Purdue, ya karanta Turanci, ya yi wasa a ƙarƙashin Ward Lambert, mai horarwar da ya shahara da son wasan sauri. Shi kansa Wooden ɗan baya ne, tsawonsa ƙafa 5 da inci 10 kacal, amma ba ya tsoron faɗuwa ƙasa don ƙwallo. An zaɓe shi cikin gwanayen jami'o'in ƙasar shekara uku a jere, daga 1930 zuwa 1932. 

Malamin Makaranta

Da ya gama jami'a ya kama aikin koyarwa. Ya yi shekara biyu a makarantar sakandare ta Dayton a jihar Kentaki, inda a shekararsa ta farko ya ci wasa 6 aka cinye shi 11. Ita ce kaɗai shekarar da asararsa ta fi nasararsa yawa. Sa'an nan ya yi shekara tara a makarantar South Bend Central a Indiyana, yana koyar da Turanci da safe, yana horar da 'yan wasa da yamma. A shekara 11 ta sakandare ya ci wasa 218, aka cinye shi 42. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aiki a rundunar sojan ruwa da muƙamin laftanan.

A shekarar 1946 ya kama aiki a Kwalejin Horon Malamai ta Jihar Indiyana. A nan ya gamu da jarrabawa ta farko game da ɗan benci. Cikin 'yan bayansa akwai wani baƙar fata mai suna Clarence Walker, wanda ba ya cikin biyar ɗin da ke fara wasa. A 1947 aka gayyaci ƙungiyar zuwa wata babbar gasa ta kwalejoji a birnin Kansas, gasar da a lokacin ta hana baƙaƙen fata shiga. Da ya ga dama da ya bar Walker a gida, ƙarfin ƙungiyar ba zai ragu sosai ba. Amma ƙungiyar ba ta je ba. A shekara mai zuwa aka soke dokar, Walker ya tafi tare da 'yan uwansa, ya zama baƙar fata na farko da ya yi wasa a gasar, suka kai wasan ƙarshe kafin Jami'ar Louisville ta cinye su.

Zuwansa Kalifoniya

A shekarar 1948 jami'o'i biyu suka neme shi, ta Minnesota da UCLA. Shi da matarsa sun fi son Minnesota, domin ta fi kusa da gida. Amma a ranar da aka shirya za su bugo masa waya, guguwar ƙanƙara ta katse layin. Da lokaci ya wuce bai ji su ba, mutanen UCLA suka bugo, ya amsa musu. Ba da jimawa ba Minnesota ta samu layi, amma ya ce ya riga ya ba da kalmarsa. Albashinsa na farko dala 6,000 ne a shekara.

Ya tarar da ƙungiya mai rauni da tsohon ɗakin wasa mai zafi wanda suke rabawa da 'yan kokawa da 'yan wasan motsa jiki. Duk da haka a shekarar farko ya ci wasa 22 cikin 29. Shekaru suka yi ta tafiya yana cin wasanni a yankinsu, amma kofin ƙasa ya gagara. A 1962 ne ya fara kai wa wasan kusa da na ƙarshe, Jami'ar Cincinnati ta fitar da shi da maki 72 da 70.

Mista Wooden mutum ne mai ajiye rubutu. Kowane atisaye yana da jadawalinsa a kan ɗan kati, minti bayan minti, kuma ba ya zubar da katunan. Bayan wannan asara sai ya zauna ya bi rubuce-rubucensa na shekarun baya yana neman inda laifinsa yake. Cikin abubuwan da ya gano har da wannan: saboda son ya faranta wa kowa rai, ya kasance yana rarraba lokaci ga 'yan wasa da yawa, a atisaye da kuma a wasa. Sakamakon haka, in babbar rana ta zo aka bukaci canji, wanda ya shigo bai saba da manyan 'yan wasa sosai ba, su ma ba su saba da shi ba. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Daga nan ya sauya tsari. Ya yanke shawarar dogara da mutum bakwai: biyar masu farawa, da biyu masu canji, galibi ɗaya ya canji 'yan baya, ɗaya ya canji na gaba. Waɗannan bakwai su ke atisaye tare kullum har su san numfashin juna. Sauran kuwa aikinsu shi ne su zama abokan karawa a atisaye, ba su shiga wasa sai an riga an yi nisa da cin abokan gaba. Ma'anar wannan ga 'yan baya a fili take: mutum uku ne za su raba minti 80, biyu su kwashi kaso mafi tsoka, na uku ya samu ragowa, na huɗu da na biyar su tashi da tafi kawai.

Gwanaye Uku, Gurbi Biyu

Tsarin bai daɗe ba ya gamu da gwaji. A kakar wasa ta 1962 zuwa 1963 yana da gwanayen 'yan baya uku: Walt Hazzard daga birnin Filadelfiya, Gail Goodrich ɗan Los Anjalis mai jifa da hagu, da Fred Goss. Hazzard gwanin raba ƙwallo ne, amma da farko yana son burgewa, yana miƙa ƙwallo ta bayansa ko ba tare da ya duba ba, har ta faɗa hannun abokan gaba. Mista Wooden ya yi masa maganin da Warriner ya yi masa, watau benci, har saurayin ya yi tunanin barin jami'ar kafin mahaifinsa ya hana shi. Goodrich kuwa ya saba ƙwallo tana hannunsa tun daga sakandare, ga shi an ce Hazzard ne zai riƙe ta. Ba a sarki biyu a gari ɗaya.

Yadda aka warware matsalar darasi ne. Ba a raba aikin biyu daidai wa daida ba, sai aka ba kowa nasa. Hazzard ya riƙe ƙwallo ya tsara hari. Goodrich ya koyi gudu ba tare da ƙwallo ba, ya nemi wurin da babu mai tsaronsa, ya jira ta same shi. Goss kuma ya zauna kakar 1963 zuwa 1964 gaba ɗaya bai yi wasa ba, domin ya adana shekararsa har Hazzard ya gama karatu. Goodrich da ya yi ƙorafin an raba shi da ƙwallo shi ne ya fi kowa cin maki a ƙungiyar a wannan shekara.

Ƙungiyar ta 1964 gajera ce, babu wanda ya wuce ƙafa 6 da inci 5 cikin masu farawa. Bisa shawarar mataimakinsa Jerry Norman, Mista Wooden ya ɗauki dabarar matsa wa abokan gaba lamba tun daga ƙarƙashin kwandonsu, a hana su sakat har su yar da ƙwallo. Suka yi wasa 30, suka ci 30. A wasan ƙarshe da Jami'ar Duke, wanda suka ci da maki 98 da 83, amfanin tsarin mutum bakwai ya fito fili. Kenny Washington, ɗan canji daga jihar Karolina ta Kudu, ya taso daga benci ya ci maki 26, ya cafke ƙwallo 12 da suka dawo daga kwando. Ɗaya ɗan canjin, Doug McIntosh, ya shiga gurbin ɗan tsakiya Fred Slaughter, ya yi kyau har aka bar shi ya yi yawancin wasan. An zaɓi Hazzard gwanin gasar, ya kuma samu lambar zinariya a wasannin Olamfik na Tokiyo a wannan shekara. Daga bisani ya musulunta, ya ɗauki sunan Mahdi Abdul-Rahman, ya kuma dawo ya horar da ƙungiyar UCLA daga 1984 zuwa 1988.

A 1965 Goss ya dawo ya shiga gurbin Hazzard, haƙurinsa ya biya. Suka sake cin kofin, suka doke Jami'ar Michigan da maki 91 da 80. Goodrich ya ci 42 shi kaɗai, Washington kuma ya sake tasowa daga benci ya ci 17.

Kukan 'Yan Benci

Daga 1967 zuwa 1973 UCLA ta ci kofin sau bakwai a jere. Shekaru ukun farko na zamanin dogon ɗan tsakiyar nan ne Lew Alcindor, wanda duniya ta sani daga baya da sunan Kareem Abdul-Jabbar. A 1967 da 1968 babu gardama a baya, domin Mike Warren da Lucius Allen sun riƙe guraben biyu. Amma da suka tafi, sai wurin ya zama na takara tsakanin John Vallely da Kenny Heitz da Bill Sweek da Terry Schofield.

Abin ya fashe a watan Maris na 1969, a wasan kusa da na ƙarshe da Jami'ar Drake. Sweek yana shekararsa ta ƙarshe, ya saba shi ne ɗan baya na uku, amma a ranar ya daɗe a zaune yana cika yana batsewa. Da wasa ya kusa ƙarewa aka fitar da Vallely saboda yawan laifi, bayan ya ci maki 29. Mista Wooden ya kira Sweek ya shiga, shi kuwa ya taso a sanyaye, yana nuna ransa a ɓace yake. Nan take malamin ya ce ya koma ya zauna. Maimakon haka sai saurayin ya fice daga filin ya tafi ɗakin sauya tufafi, alhali ana tsakiyar wasa. UCLA ta tsira da ƙyar da maki 85 da 82. Bayan wasan aka yi cacar baki mai zafi tsakanin malami da ɗalibi a gaban sauran 'yan wasa. Kowa ya ɗauka an kori Sweek ke nan. Amma washegari aka zauna, aka saurari juna, aka shirya, ya kuma yi wasan ƙarshe wanda suka cinye Purdue, tsohuwar jami'ar malamin, da maki 92 da 72.

Shekara guda bayan haka, a liyafar da aka shirya don murnar kofin 1970, wani ɗan benci mai suna Bill Seibert ya miƙe a gaban manyan baƙi ya bayyana cewa zamansa a ƙungiyar bai yi masa daɗi ba, yana zargin cewa doka ɗaya ake yi wa gwanaye, wata dabam ga 'yan benci. Maganar ta yi wa Mista Wooden ciwo ƙwarai, musamman da ya ga wasu daga cikin 'yan wasansa sun goyi bayan mai maganar.

Matsayinsa game da wannan zargi bai ɓoyu ba. A ganinsa adalci ba shi ne a yi wa kowa abu iri ɗaya ba, adalci shi ne a ba kowa abin da ya yi aiki ya cancanta. Yatsun hannu ma ba tsawonsu ɗaya ba. Don kada hukunci ya zama na son zuciya, yakan sa a rubuta ƙididdigar abin da kowa ya yi a atisaye, ba a wasa kaɗai ba. Ya kafa doka cewa duk wanda ya ci maki ya nuna godiya ga wanda ya miƙo masa ƙwallo, ko da ɗaga yatsa ne ko gyaɗa kai. In 'yan jarida suka kewaye shi suna tambayar gwanaye, yakan karkatar da magana zuwa ga waɗanda ba a ambata ba. Amma duk wannan bai kashe ƙishin mai son shiga fili ba.

Babu wanda labarinsa ya nuna haka kamar Andy Hill. A shekararsu ta farko a jami'a, lokacin da doka ta hana sababbin ɗalibai shiga babbar ƙungiya, shi da Henry Bibby ne taurarin ƙungiyar sababbi. Da suka hau babbar ƙungiya sai Bibby ya zama mai farawa, Hill ya zama ɗan kallo. Cikin shekara uku, daga 1970 zuwa 1972, ƙungiyar ta ci wasa 87, aka cinye ta sau 3 kacal, ta ɗauki kofi uku, shi kuwa Hill ba ya shiga sai wasa ya riga ya mutu. Ya bar jami'ar da ɗacin rai, ya yi kusan shekara 25 ba ya neman malaminsa. A tsawon wannan lokaci ya shiga harkar talabijin har ya zama shugaban sashen shirya fina-finai na kamfanin CBS. Can wata rana ya lura cewa duk dabarun da yake bi wajen sarrafa ma'aikatansa a wurin dattijon nan ya koyo su, yana zaune a benci. Ya ɗauki waya ya buga masa don ya yi godiya, dattijon kuma ya karɓe shi hannu bibbiyu. A 2001 suka fitar da littafi tare.

Shekarar Da Rabon Ya Gagara

Ba kullum ne lissafin malamin ke fita daidai ba. A zamanin ɗan tsakiya Bill Walton, ɗan bayan da ya fi sanin inda zai jefa masa ƙwallo shi ne Greg Lee. A wasan ƙarshe na 1973 da Jami'ar Memphis State, Walton ya ci maki 44, jifa 21 cikin 22 suka shiga, 14 kuma daga cikin ƙwallayen da ƙungiyar ta ci daga hannun Lee suka fito. Amma a kakar da ta biyo baya Mista Wooden ya fi karkata ga Tommy Curtis saboda saurinsa da zafin namansa, abin da bai yi wa Walton daɗi ba. Ga kuma wani matashi mai hazaƙa, Andre McCarter, yana jira a benci.

Ranar 19 ga watan Janairu na 1974, a gidan Jami'ar Notre Dame, daf da garin South Bend inda ya yi koyarwa a da, jerin nasarori 88 da ƙungiyar ta yi tun daga 1971 ya katse. Suna gaba da maki 11 saura minti uku da 'yan kai, aka ci su 12 a jere, aka tashi 71 da 70. A watan Fabrairu suka sake faɗuwa sau biyu a jere a jihar Oregon. A watan Maris kuma, a wasan kusa da na ƙarshe, Jami'ar North Carolina State ta fitar da su da maki 80 da 77 bayan ƙarin lokaci sau biyu, alhali sun yi gaba da maki 7 a ƙarin lokacin na biyu. Ƙungiyar da ta fi kowace tara gwanaye a ƙasar ta koma gida ba kofi, masu sharhi da yawa kuma suka ɗora wani kaso na laifin a kan rashin daidaito a gurbin 'yan baya.

A 1975, bayan manyan taurarin sun tafi, McCarter da Pete Trgovich suka riƙe baya ba tare da jayayya ba. Bayan sun doke Louisville da maki 75 da 74 a wasan kusa da na ƙarshe, Mista Wooden ya ba da sanarwar zai yi ritaya. Ranar 31 ga watan Maris, a birnin San Diego, suka cinye Jami'ar Kentaki da maki 92 da 85. Kentaki ta yi ta sauya 'yan wasa don ta gajiyar da su, shi kuwa mutum shida kaɗai ya sa a fili tun daga farko har ƙarshe. Har ranar da ya ajiye aiki bai sauya ra'ayinsa ba.

Ƙarshen Rayuwarsa

Cikin shekara 27 a UCLA ya ci wasa 620, aka cinye shi 147. Sau huɗu ƙungiyarsa tana gama kaka ba a cinye ta ko sau ɗaya ba. Albashinsa bai taɓa wuce dala 35,000 a shekara ba. Shi ne mutum na farko da aka shigar da sunansa zauren tunawa da gwanayen ƙwallon kwando sau biyu, a 1960 a matsayin ɗan wasa, a 1973 kuma a matsayin mai horarwa. A 2003 aka ba shi lambar girmamawa mafi daraja da shugaban Amurka ke bai wa farar hula.

Matarsa Nellie ta rasu ranar 21 ga watan Maris na 1985, bayan shekara 52 da aure. Daga nan, ranar 21 ga kowane wata yakan rubuta mata wasiƙa ya ajiye a kan matashinta. Ya ci gaba da zama a ɗan ƙaramin gidansu, tsofaffin ɗalibansa suna kai masa ziyara, gwanaye da 'yan benci baki ɗaya. Ya rasu ranar 4 ga watan Yuni na 2010 a Los Anjalis, saura wata huɗu ya cika shekara 100.

Abin da tarihin nan ya bar wa shugabanni a ma'aikatunmu da ɗalibai a makarantunmu ba mai wuyar ganewa ba ne. Mista Wooden ya gwada raba lokaci don kowa ya ji daɗi, ya shekara 14 bai ga kofi ba. Da ya zaɓi mutanen da zai dogara da su, ya bayyana wa kowa aikinsa, ya kuma ajiye rubutun da zai kafa hujja da shi, sai nasara ta zo. Amma nasarar ta zo da kuɗinta, waɗanda suka biya kuwa su ne irin su Goss da Sweek da Hill. Duk mai rabo ya sani cewa ko ya yi daidai sai wani ya koka, kuma hakkin wanda aka bari a benci ne a gaya masa dalili, a saurare shi in ya yi magana, a kuma bar masa ƙofa a buɗe ko da zai shekara 25 bai ƙwanƙwasa ba.